Kukun da Ya Cinye Tuwon Surukansa

Yayana ne ya jawo mana shi, da kwanon abincinsa na rana. A lokacin Yaya yana aiki a kicin ɗin wani babban otal da ke bakin teku, kuma duk da tulin abincin da ke wurin, cikinsa ba ya yarda ya ci wani abu sai tuwon gida. Kullum Inna za ta zuba masa ya tafi da shi kamar mai zuwa gona. Ranar nan ya sami lungu a bayan ɗakin sanyi ya buɗe kwanonsa, miyar ɗanyar kuɓewa ce da daddawa da busasshen kifi, sai ga babban kukun otal ɗin tsaye a kansa yana shinshina iska. Yaya ya ɗauka korarsa za a yi, don daddawa ba ta iya ɓuya ba. Mutumin ya karɓi cokali ya ɗanɗana, ya nemi buhun albasa ya zauna, ya cinye abincin bawan Allah tas. Yaya ya dawo gida da yunwa da labari.

A Ruwais muke, wata unguwa a Jidda, a wani tsohon gida da iskar teku ta gama cinye fentinsa. Baba daga Damagaram ya zo aikin hajji yana saurayi, ya kafa keken ɗinki, bai koma ba. Mu duka a nan aka haife mu, Hausarmu ma rabinta Larabci ne. Ni a lokacin, farkon shekarun tamanin, bazawara ce da 'yata guda. Da la'asar nakan zauna a bakin lungunmu ina sayar da gyaɗa da yajin tsire, tsiren da Larabawan Jidda ke kira siriyya, suna ci suna hawaye suna cewa a ƙara. Ban ce ina neman miji ba, amma ban rufe ƙofa ba.

Bayan kwana biyu Yaya ya kawo shi wurina, wai zai sayi yaji. Da aka ce Ba'amurke, na sa ran ganin jan Bature. Sai ga baƙin mutum, ya fi Baba baƙi, dogo, ƙato, ya cika bakin lungu, da 'yar hula a tsakiyar kai kamar an ɗora murfin buta a kan randa. Ya yi sallama cikakkiya, don tun a ƙasarsu ya musulunta. Ya dangwali yajin ya sa a harshe, ya lumshe ido, ya fara faɗin abin da ke ciki da Larabcinsa na kicin: gyaɗa, citta, kanumfari, barkono. Masoro ne kaɗai ya gagare shi. Ni kuwa na ƙi faɗa masa, don in ya sani me zai dawo da shi?

Ya dawo kuwa. Duk mako sai ya zo ya sayi yajin da ko tsiren Jidda duka aka ba shi ba zai ƙarar ba. Yana tsaye, da tazara a tsakaninmu, Yaya na gefe yana ɗinke masa Larabcin inda ya yage, na ji tarihinsa gutsure-gutsure. A wani ƙaramin gari na kudancin ƙasarsu aka haife shi, a bakin kogi, kakarsa ce ta rene shi. Ita ke dafa wa wasu masu hali abinci, shi kuma yana riƙe mata ludayi tun kansa bai kai bakin tukunya ba. Miyar kuɓewa ce abincinsu na ranar farin ciki, da shinkafa suke ci, shi ya sa kwanon Yaya ya zaunar da shi: tun rasuwar tsohuwar bai sake jin wannan yauƙin ba. Daga wanke-wanke a gidan abinci ya shiga soja, aka ba shi tukunyar da mutum zai iya wanka a ciki. Ya bar soja ya bi jirgin ruwa, teku na tangaɗi da shi da miyarsa. Ya yi manyan otal-otal inda ake jera wa mai cin abinci cokula da wuƙaƙe har ya rasa na ɗauka, amma kullum wani ake ɗorawa a kansa. Da gine-gine suka tashi a Jidda, wani kamfani ya ɗauko shi ya ciyar da ma'aikatansa a wajen Khumra. Daga nan otal ɗin bakin teku ya ji labarinsa ya ɗauke shi. Karon farko ke nan a rayuwarsa da aka ce masa ga kicin, naka ne.

Ni dai na kamu, ba sai na yi ta kewaye-kewaye ba. Da na hango hular nan ta ɓullo daga bakin titi sai hannuna ya daina sanin awo. Yaran unguwa suka gano haka, sai su laɓe su jira ya iso sannan su zo sayen gyaɗa, in cika musu aljihu ina murmushi kamar sakara.

Wata rana ya zo bai yi dariya ba. Ya ce kwantiraginsa na gab da ƙarewa, kafili, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, yana tambaya ko a sabunta masa iƙama, wato takardar zama, can gida kuma wani otal ya aiko yana nemansa.

Ya ce, "Idan babanki ya yarda, ina nan. Idan ya ƙi, bayan hajji zan tafi. Ba zan iya zama a gari ɗaya da yajin nan ina saye da kuɗi ba."

Na ce, "Ni kuma ba na tsallake maganar Baba, ka sani tun yanzu."

Ya ce ya sani, shi ya sa yake so a kai shi ya gaishe shi.

Aka sa ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci. Yaya, Allah ya shirye shi, ya koya masa cire takalmi tun daga ƙofa, ya koya masa gaisuwa, ya manta da babbar. Mai neman aure ba ya cin abinci a gidan surukai. Za a kawo masa, a jera masa kwanuka, don ba a barin baƙo haka nan, shi kuma ya sunkuyar da kai ya ce alhamdulillahi. In an matsa masa ya kurɓi ruwa. Kwano ya koma yadda ya zo, kowa ya ce kai, mutumin nan da kunya yake. Mu ba mu taɓa tunanin ana koya wa babba wannan ba. A wurin su kuwa, yadda na ji daga baya, in ka bar loma a kwanon mace ka zage ta, kakarsa da ludayi take rama irin wannan zagin.

Ɗakin baƙinmu labule ne kawai ya raba shi da hanyar kicin. Ni da Inna muna bayan labulen, kowa da inda take leƙe. Yaya ya ajiye tire, tuwon shinkafa da miyar kuɓewa. Baba, yana jan carbi, ya ce, "Bismillah," yadda ake faɗa don a faɗa. Sai na ga mutumina ya naɗe hannun riga.

Na rufe ido, na buɗe, bai fasa ba. Ya yanki tuwo, ya juya shi a miya, ya ɗaga sama yauƙin ya biyo shi, ya murɗe shi da gwaninta ya kai baki. Carbin Baba ya tsaya cak. Yaya ya shiga ƙifta masa ido, shi kuwa ya ɗauka kwaɗayi ne ya kama Yaya, ya tura masa kwanon ya ce ya sa hannu mana. Yana ci yana gyaɗa kai yana wani gurnani na jin daɗi, yana duban Baba ido cikin ido don ya taya shi murna. Ya cinye malmala ta farko, ya jawo ta biyu. Ya suɗe kwanon miya da yatsa har na ga fuskar Baba a ciki.

Da a nan ya tsaya ma da sauƙi. Sai ya miƙe ya ce ina Mama. Kafin Yaya ya riƙe masa riga ya ɗaga labule. Ni na faɗa bayan ƙofa, Inna ta ja mayafi ta shige tsakanin firiji da bango, wurin da ko tsintsiya da ƙyar take shiga. Ya wuce kai tsaye wurin tukwane. Ya buɗe ta miya ya shaƙa, ya buɗe ta tuwo ya ga ƙanzo, ya nemi cokali ya fara kankara. Yana tauna yana yi wa firiji magana, don daga can yake jin numfashin Inna.

Ya ce, "Mama, wallahil azim na zagaye duniya da tukunya, ban ci miya irin taki ba. Kuɓewar nan yaushe kike sa ta, kafin kifi ko bayan kifi? Me ya sa ba ta yi baƙi ba? Mumtaz, Mama. Allah ya yi wa hannun nan albarka."

Firiji bai ba shi amsa ba. Ya yi godiya, ya koma ya yi wa Baba sallama da fara'arsa, ya fita yana gaya wa Yaya cewa yau kam ya san an karɓe shi.

Baba ya ajiye carbinsa. Can ya ce, "Halas, an gama magana. Wannan ba suruki ba ne, fara ce ta sauka. Mutumin da ya kankare ƙanzo a gaban uwar matar da yake nema, me kuma ya rage da zai ji kunyarsa?"

Na shige ɗaki na tusa kaina a filo. Dariya nake yi har cikina ya ƙulle, in na tuna Inna a bayan firiji sai ta dawo sabuwa. Ban san lokacin da ta juye ta zama kuka ba, don hajji ya ƙarato, kuma na san Baba in ya ce halas ba ya cika ƙara wata kalma a kai.

Yaya ne ya yi ta bin Baba har shagon ɗinki, yana cewa laifinsa ne, mutumin bai sani ba. Da ƙyar Baba ya ce, "To ya sani. Ya dawo wata Juma'ar in gani."

Daga nan aka buɗe makarantar kunya a ɗakin sanyi na otal. Kullum Yaya na dawowa in tare shi tun daga ƙofa ya ba ni rahoto. Babban kuku, wanda in ya yi gyaran murya kicin duka ke nutsuwa, ga shi a tsugune tsakanin kwalayen kaji yana koyon kallon ƙasa. Ranar farko wandonsa na aiki ya yage tun daga baya har gaba. 'Yan Yaman da 'yan Sudan da ke aiki a ƙarƙashinsa suka mai da shi abin kallo, wani ya zama Baba, ya nemo carbi yana ɓata rai, wani ya ajiye masa faranti mai turiri a gaban hanci. In idonsa ya sauka a farantin a ce ya faɗi, a sake. Aka koya masa Hausarsa ta farko, kalma biyu, ya yi ta bitarsu yana yanka nama. Yaya ya ce abu ɗaya ne ya kasa shiga kansa. Kullum sai ya tambaya, "To in ban ci ba, ta yaya za ta san na gode?" Yaya ya ce masa ba ta buƙatar ta sani.

A gida kuma Inna ta shiga wani hali da ban gane ba. Ta aike ni har Waziriyya wurin matan Cadi in sayo busasshen kifi, na kawo ta shinshina ta ce in mayar in canzo. Ta fito da daddawar da wata alhajiya ta kawo mata daga gida, wadda take ɓoyo a ƙasan akwati ko mu ba ta sa wa. Kuɓewa ɗaya bayan ɗaya ta zaɓa, tana karya bakin kowace ta ji. Na ce, "Inna, abincin da zai dawo yadda ya tafi?" Ta ce in rufe mata baki, kar a ce ba mu iya ba ne kawai. Ranar tun da hantsi ta gama, ta zuba na Baba ta rufe ta ajiye gefe kamar kullum, ta zauna tana gyara zaman kwanukan baƙo a kan tire.

Ya zo. Tun daga ƙofa ya rage tsawo, ya tsuguna nesa da tabarmar Baba, gwiwoyinsa suka yi ƙara har muka ji a bayan labule. Kansa a ƙasa, muryarsa a ƙasa. Yaya ya ajiye tire ya buɗe murfi, ƙamshin man shanu ya cika ɗakin. Na ga maƙogwaron bawan Allah ya hau ya sauka. Gumi ya tsattsafo masa, cikinsa ya yi wani ƙugi da ya sa Yaya ya yi tarin ƙarya don ya rufe.

Baba ya ce, "Bismillah."

Ya ce, "Na ƙoshi."

Baba ya sake cewa, "A'a, a taɓa mana."

Ya ce, "Alhamdulillahi. Na ƙoshi."

Baba ya gyaɗa kai a hankali, carbi ya ci gaba da tafiya. Ni a bayan labule rawa nake yi ba kiɗa, na cusa mayafi a baki don kar guɗa ta kuɓuce mini. Yaya ya ɗauko tire ya shigo da shi yana tafiya kamar shi ya ci jarrabawar.

Inna ta buɗe kwanon miya, ta buɗe na tuwo. Ko alamar yatsa babu. Ta nemi kujerar tsuguno ta zauna, ta dubi Yaya, ta dube ni.

Ta ce, "Wa ya ɓata shi?"

Ni da Yaya muka dubi juna. Matar da ban taɓa jin muryarta ta tsallake labule ba in akwai baƙo, sai ta miƙe ta ce, "Malam, ka ɗan zo." Baba ya shigo yana mamaki, ta nuna masa tiren.

Ta ce, "Tun da aka kawo ni gidanka nake tuƙa tuwo. Ku ci, ku wanke hannu, ku tashi. In gishiri ya yi yawa ina ji, in ya yi daidai ba na jin komai. Mutum ɗaya ya shigo gidan nan ya tambaye ni yaushe nake sa kuɓewa, kun taru kun ɗaure masa baki. Ina da surukai masu kunya har biyu, har yau ban san ko suna da haƙora ba. Wannan ni shi na dafa wa, kuma sai ya ci."

Idonta ya kawo ruwa, amma ba ta sunkuyar da kai ba. Rawar da nake yi ta tsaya, kunya ta kama ni, don ni ma a cikin masu wanke hannu su tashi nake. Tsoro kuma ya biyo baya, na ce shi ke nan, an gyara ɗaki Inna ta rushe.

Baba ya ce, "A gabana zai ci? Esh hada, mene ne haka? Aib ne."

Ta ce, "To ka ba shi wuri."

Baba ya tsaya yana kallonta kamar yau aka kawo ta. Sannan ya sunkuya, shi da ko kofin shayinsa ba ya ɗauka, ya ɗauki tiren da kansa ya fita da shi. Ya dire a gaban baƙon, ya ce masa da Larabci, "Kul," wato ci. Ya ɗauki hularsa, ya sa takalmi, ya fice daga gidan.

Mutumina ya ɗaga ido ɗaya ya dubi Yaya, yana tambaya ko wannan ma cikin jarrabawar ne. Yaya ya dubi labule. Daga bayan labule Inna ta ce, "Yalla ya waladi, maza ɗana, ci. Bayan kifi nake sa ta, kuma ba na rufe tukunya." Ban taɓa ganin hannun riga ya naɗu da sauri haka ba.

Na ɗebi ruwan sanyi na bi Baba. Yana bakin ƙofa, ya raɓe a 'yar inuwar bango da ba ta rufe ko kafaɗarsa ba, ga ranar Jidda ta bayan Juma'a. Ya karɓa ya sha. Daga ciki ana jin gurnanin nan, da muryar Inna tana bayani, har da dariyarta.

Ya ce, "Yana ci?"

Na ce, "Yana ci, Baba."

Ya juya kofin a hannunsa. Ya ce, "Na ga zai iya barin abin da yake so don a ba shi ke. Ce wa yayanki ya gaya masa ya je ya sabunta iƙamarsa."

Bayan hajji aka ɗaura aure. Ya ƙara shekaru masu yawa a otal ɗin, har ya sa miyar Inna a jerin abincinsu da wani dogon suna na Turanci, manyan mutane suna ci da cokali suna kokawa da yauƙi. Daga baya, da taimakon kafilinsa, ya buɗe nasa ɗan gidan abincin a Waziriyya, inda direbobi da leburorin Khumra ke cika benci, ya tsaya a kan tukunya har gwiwoyin nan suka ce sun gaji. Duk Juma'a muna Ruwais. Da an ji sallamarmu Baba zai laluɓi hularsa ya ce yana da wani ɗinki da bai gama ba. Har ya koma ga Allah bai sake ganin surukinsa yana tauna ba.

Amma a ranar nan da Baba ya yarda, da na juya zan ruga ciki da albishir, ƙafafuna ko ƙasa ba sa taɓawa, sai Baba ya kira ni. Na dawo. Ya dubi titi, ya gyara hula.

Ya ce, "Ki ce wa uwarki..." Ya miƙo mini kofin. "Ki ce mata miyar nan, ta rage mini."

Na shiga na faɗa mata yadda ya faɗa. Inna ta miƙe. Ta jawo kwanonsa da ta rufe tun da hantsi, ta buɗe, ta ƙara masa kifi.